Ina son koyar da dokar muhalli a jami'a, ta ina zan fara?

"Assalamu alaikum Malam. Na gama LLB, na yi makarantar lauyoyi a Bagauda, an rantsar da mu bara, yanzu ina hidimar ƙasa a wata cemba. Gaskiya zuwa kotu kullum bai kwanta min ba, koyarwa nake so a jami'a, kuma tun muna aji biyar dokar muhalli ta shiga raina. Amma duk wanda na gaya wa sai ya ce wannan ai fannin 'yan Neja Delta ne, mu nan Arewa ba mu da abin yi da shi, kuma ba kuɗi a ciki. Sannan ina tsoron rubutu, an ce malamin jami'a ba ya gaba sai da rubuce-rubuce, ni kuwa furojet ɗina ma da ƙyar na haɗa shi. Don Allah akwai makoma a wannan hanya? Kuma ya ake koyon rubutun shari'a?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya albarka a karatun. In na fahimce ki, abu uku kike tambaya: ko fannin yana da aiki a Arewa, ta wace ƙofa ake shiga jami'a, da kuma yadda za ki yi da rubutu. Ta tsakiyar ba zan daɗe a kanta ba don tsari ne, duk wani malami a tsangayarku zai iya gaya miki. Ta farko da ta ƙarshe su zan zauna a kai, domin a wurina tambaya ɗaya ce. Yawancin ɗaliban da suke ce min ba su iya rubutu ba, in na zauna da su sai in tarar ba Turanci ne matsalarsu ba, ba su da abin da za su faɗa ne, saboda sun ɗauko maudu'in da ba su taɓa gani da idonsu ba.

Me ya sa ake cewa na 'yan Delta ne

Masu faɗa miki haka suna da dalili, ba daga sama suka tsinto maganar ba. Dokar muhalli ta zamani a Najeriya daga can ta taso. A 1988 aka gano dubban durom-durom na guba da aka shigo da su daga Italiya aka jibge a garin Koko, a tsohuwar jihar Bendel wadda yanzu ɓangaren yake jihar Delta, kuma a lokacin ƙasar ba ta da wata cikakkiyar doka da za a kama masu laifin da ita. A cikin shekarar gwamnatin Babangida ta fitar da doka mai lamba 42 kan shara mai guba, wadda hukuncinta ya kai ɗaurin rai da rai, da doka mai lamba 58 da ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wato FEPA. A 1992 aka yi dokar da ta wajabta auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, wato EIA. A 1999 aka kafa ma'aikatar muhalli ta tarayya, 2006 aka yi NOSDRA don malalar mai, 2007 aka yi NESREA ta gaji FEPA, 2021 kuma dokar sauyin yanayi.

Manyan shari'o'in da aka koyar da ku su ma na can ne. Kin san sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa hukuma kare ruwa da iska da ƙasa da daji da namun dawa, amma yana cikin babi na biyu, sashe na 6(6)(c) kuma ya hana kotu sauraron ƙara a kan wannan babin. Duk fafutukar lauyoyin muhalli shekara da shekaru ita ce neman hanyar da za a zagaye wannan katanga. Aka bi ta sashe na 24 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam, wadda Najeriya ta mayar dokar cikin gida tun 1983. Aka bi ta haƙƙin rayuwa, kamar a shari'ar Gbemre da Shell a 2005, inda babbar kotun tarayya a Benin ta ce ƙona iskar gas ya saɓa wa haƙƙin rayuwa da mutunci, ko da yake ba a daina ƙonawar ba. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta yi hukunci kan gurɓata yankin Ogoni a 2001, kotun ECOWAS ta yi nata a 2012, sai a 2018 kotun ƙoli ta ce ƙungiya mai zaman kanta tana da hurumin kai ƙarar NNPC kan malalar mai ko da ba ita ce abin ya shafa kai tsaye ba. To wanda ya karanta wannan jerin dole ya ɗauka fannin na mai ne.

Amma ki lura da wani abu. Dokar NESREA da kanta ta cire harkar mai da gas daga aikin hukumar. Ke nan babbar hukumar muhalli ta ƙasar nan, da ƙa'idojinta sama da 30, aikinta duka a kan abubuwan da ba mai ba ne: masana'antu, haƙar ma'adinai, shara, ƙona daji, kwararowar hamada, fadamu, ruwan ƙarƙashin ƙasa. Waɗannan kuwa su ne rayuwarmu. Kuma ƙofofin da shari'o'in Delta suka buɗe ba a rubuta a jikinsu cewa na mai kaɗai ba ne. Abin da muka rasa shi ne masu gwada su a kan namu matsalolin, da masu rubuta yadda za a gwada ɗin.

Ɗauki Zamfara. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda gubar dalma da ke cikin dutsen zinaren da ake daka shi ana niƙa shi a cikin gidaje, a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu. Bagega sai a 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarta saboda jinkirin sakin kuɗi, a 2015 kuma irin abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Yanzu ki sa idon lauya ki duba. Ma'adinai na gwamnatin tarayya ne bisa sashe na 44(3) na kundin tsarin mulki, ƙasar da ke samansu tana hannun gwamna bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978, asibitin ƙauyen na ƙaramar hukuma ne, masu haƙar ba su da lasisi, mai sayen zinaren yana birni ko ma wata ƙasa. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi kwamitin ma'adinai da muhalli a kowace jiha, ta tanadi asusun gyara wuraren da aka lalata. To uban da ya binne 'ya'ya biyu wa zai kai ƙara, a wace kotu, da wane dalili? Likitoci sun yi rubutu mai yawa a kan wannan bala'i, masana kimiyyar ƙasa sun yi. Namu na lauyoyi bai kai ko kusa ba, kuma wannan yana damuna matuƙa, domin mu ne ya kamata mu nuna inda alhakin ya faɗi.

Ko Kano. Majemun fata da sauran masana'antu na Challawa da Sharaɗa da Bompai sun daɗe suna sakin ruwa mai sinadarai, har da sinadarin kuromiyom da ake jima da shi, rafin Getsi ya ɗauko na Bompai ya haɗe da Jakara, mutane suna noman rani da wannan ruwan, latas da kabeji da alayyahu suna shigowa kasuwa. NESREA tana da ƙa'idojin 2009 musamman don masana'antun fata da saƙa. Wa ya taɓa bin diddigi ya rubuta mana sau nawa aka gurfanar da wani, me kotu ta ce, tarar nawa aka ci, kuma ina aikin jiha ya tsaya na tarayya ya fara? Ko rikicin ruwa na Haɗejiya da Nguru, inda dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 suka canza yadda ruwa ke sauka, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, manomi da masunci da makiyayi a Jigawa da Yobe suna ɗaukar sakamakon shawarar da aka yanke a sama da su, alhali wurin yana cikin jerin fadamun duniya na Ramsar tun 2000. Ko fashewar dam ɗin Alau a Satumbar 2024 da ta cinye Maiduguri, wadda tambayar diyya da sakaci a cikinta tambayar shari'a ce zalla. Ga tafkin Chadi da hukumarsa ta 1964 da yarjejeniyar ruwa ta 2012, ga dokar wuraren kiwo ta Arewa ta 1965 da burtalolin da aka nome, ga dokar Binuwai ta 2017 da ta hana kiwon sake. Kowane ɗaya a nan ya isa digirin dakta.

Akwai kuma wata dama da ke gare ki in LLB ɗinki haɗe yake da Shari'a, kamar yadda ake yi a ABU da BUK da Sakkwato da Maiduguri. Fiƙihun Malikiyya cike yake da hukunce-hukuncen ruwa da maƙwabtaka da cutarwa, daga hadisin babu cuta babu cutarwa, zuwa tarayyar mutane a ruwa da ciyawa da wuta, zuwa hurumin rijiya da na gari da raya mataccen fili. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu takanas a kan yadda ake mallakar filin da ba na kowa ba. Wanda zai iya karanta waɗannan da Larabci ya kuma karanta dokar 1978 da Turanci, ya je ya ga yadda alƙalin kotun shari'a ko dagaci ke raba rigimar mashaya a aikace, yana da abin da malamin Landan ba shi da shi. Haka in kin tsallaka iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram, inda manoma suka dawo da miliyoyin itatuwa irin su gawo a gonakinsu ta hanyar barin tohon da ya fito da kansa, kuma babban abin da ya taimaka shi ne manomi ya fara jin itacen nasa ne ba na ma'aikatan gandun daji ba, bayan sauye-sauye irin na dokar karkara ta Nijar ta 1993. Yare ɗaya, ƙasa iri ɗaya da Katsina da Jigawa, doka daban. Kwatancen da ya fi wannan kyau da wuya a samu.

Hanyar shiga, da maganar kuɗi

Bayan hidimar ƙasa ki nemi LLM, wato mastas a shari'a, ba tare da jinkiri ba, kuma ki fara neman taransikirif tun yanzu don yana cin lokaci. Jami'o'i da yawa suna ɗaukar mai LLB da takardar lauya a matsayin mataimakin malami, mai LLM kuma a mataki na gaba, daga nan malami na ɗaya, babban malami, mataimakin farfesa, farfesa, galibi shekara uku tsakanin mataki da mataki in rubutunki ya cika, kuma yanzu ba PhD ba za ki wuce wani mataki ba. Ina cewa galibi ne saboda kowace jami'a da nata kundin ƙarin girma, adadin takardun da ake nema da makin da ake ba kowace iri sun bambanta, ni abin da na sani na jami'o'in gwamnati ne na nan Arewa, don haka duk inda kika samu ki karɓi kundinsu ki karanta a makon farko.

Wajen zaɓen inda za ki yi mastas, ki fi duba wa zai duba aikinki fiye da sunan jami'ar. Ki nemi rubutunsa ki karanta, ki tambayi ɗalibansa ko yana karanta babi ya dawo da shi da jan biro ko ajiyewa yake wata shida. Fita waje yana da amfani, musamman don laburare da horon rubutu, akwai tallafin karatu na Commonwealth da Chevening, asusun PTDF na fannin mai ma yana ɗaukar masu dokar makamashi. In kin samu ki tafi, amma ki tafi da tambayarki ta gida a hannu.

Kuɗi kam ba zan ɓoye miki ba. Albashin ƙaramin malami ba ya kai wata, 'yan ajinku da suka shiga manyan cemba a Abuja da Legas za su wuce ki nesa a shekarun farko, kuma a 2022 mun yi wata takwas muna yajin aiki an riƙe albashi. Akwai hanyoyin ƙari na halal, aikin ba da shawara a rahoton EIA, rubuta daftarin doka wa majalisar jiha, bincike wa ƙungiyoyi. Zuwa kotu kuwa akwai tsohuwar taƙaddama a kai, umarnin 1992 ya keɓe malaman shari'a ya ba su dama, ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin kundin 1999 kuma ta hana ma'aikacin cikakken lokaci sana'ar kansa ban da noma, sai ki bi abin da jami'arki ta tsara. Abu ɗaya nake jan kunnenki a kai: in kamfani ya biya ki kika sa hannu a rahoton da ya wanke shi, kin rufe bakinki a kan wannan kamfani har abada, kuma ɗalibai suna sani. Ki zaɓi aikin da za ki karɓa da wannan a ranki. Batun haɗa aure da reno da PhD kuma, akwai malamai mata a tsangayoyinmu da suka yi shi har suka kai farfesa, su ya kamata ki zauna da su, za su gaya miki abin da ya fi nawa amfani.

Rubutun

Ina duba aikin ɗaliban mastas, ina kuma tantance takardu wa mujallun shari'a, kuma akwai wata takarda guda da nake ta gani da sunaye daban-daban. Tana farawa da ma'anar muhalli daga ƙamus, ta wuce taron Stockholm na 1972 da na Rio na 1992, ta jero dokokin Najeriya ɗaya bayan ɗaya tana kwafo sassansu, sannan a shafi biyun ƙarshe ta ce matsalar ita ce rashin aiwatarwa da cin hanci, gwamnati ta tashi tsaye, a wayar da kan jama'a. Babu ƙarya a ciki. Amma wanda ya gama karantawa bai san komai ba da bai sani ba da farko, alƙali ba zai iya amfani da ita ba, ɗan majalisa ma haka. Abin da ya sa take fitowa haka shi ne marubucin yana da maudu'i amma ba shi da tambaya. "Dokar muhalli da haƙar ma'adinai a Najeriya" maudu'i ne. "Shin gwamnatin jiha tana da ikon rufe wurin wanke zinare saboda lafiyar jama'a alhali ma'adinai na tarayya ne?" wannan tambaya ce, tana da amsa e ko a'a, lauyoyi biyu masu hankali za su iya saɓani a kanta, kuma da zarar kin same ta ita za ta gaya miki abin da za ki karanta da abin da za ki bari.

Abin da nake sa ɗalibaina su yi kafin su rubuta ko layi ɗaya shi ne su faɗa min hujjarsu da Hausa, a baki, cikin minti biyu, kamar suna yi wa mahaifiyarsu bayani. Wanda ya iya, rubutun Turancinsa yakan fito sarai ko da akwai kurakuran nahawu, waɗannan gyara su abu ne mai sauƙi. Wanda ya kasa, sai ki ga ya ɓuya a bayan dogayen jimloli da kalmomin Latin. Mun gaji wani salo daga takardun kotu da na yarjejeniya, inda jimla ɗaya ke cin rabin shafi, muna ɗauka shi ne alamar ilimi. Rubutun bincike ba haka yake ba. Ki faɗi matsayarki a shafin farko, kowane sakin layi ya ɗauki magana ɗaya, ki kawo hujjar da ta fi ƙarfi a kan ra'ayinki ki amsa ta da adalci, kar ki zaɓi mai rauni don ki ji daɗin rushe ta.

Sai karatun hukunci. Da yawa suna tsayawa a taƙaitawar da ke saman rahoton hukunci a NWLR ko LawPavilion, su kwafo abin da aka jera, ba su taɓa karanta hukuncin daga farko zuwa ƙarshe ba. A nan ake yin ɓarna, domin sai a ɗauki maganar da alƙali ya yi a gefe a ce ita ce hukuncin kotu. Misali hukuncin kotun ƙoli na 2018 ɗin nan, abin da ke gaban kotu shi ne hurumin shigar da ƙara, alƙalan sun yi maganganu masu daɗi kan sashe na 20 da haƙƙin rayuwa, amma wanne ne aka gina hukuncin a kai, wanne ne ƙarin bayani? Wanda ya ce kotun ƙoli ta gama warware batun haƙƙin muhalli ya yi gaggawa, wanda ya ce ba abin da ya canza shi ma bai karanta ba. Rarrabe wannan shi ne ainihin aikinmu. Shi ya sa nake ba masu farawa shawara su fara da sharhin hukunci guda ɗaya, gajere, kafin su taɓa babbar maƙala. Yana koya miki karatu da taƙaitawa da yin hukunci da kanki, kuma mujallu suna karɓarsa.

Daga nan ki fita daga laburare. An horar da mu a kan cewa binciken shari'a littafi ne da hukunci, to a fannin muhalli a Arewa hukunce-hukuncen manyan kotuna kaɗan ne, in kin tsaya a nan za ki ƙare da maimaita na Delta. Gani ya kori ji. Ki je rajistarar kotu ki nemi fayil, ki je ofishin hukumar muhalli ta jiha ki tambayi sanarwar gargaɗi nawa suka bayar, ki yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, in ba su amsa ba wannan ma sakamako ne da za ki rubuta. Ki zauna da manoman bakin rafi da sarkin ruwa da arɗo da masu masana'antar su ma, domin suna da nasu bayanin kan tsadar tace ruwa da rashin wuta, kuma takardar da ba ta ji ta bakinsu ba ragaggiya ce. Ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ki ɓoye sunan wanda ya nemi a ɓoye, wuraren da ba tsaro kuma kar ki je, babu takardar da ta kai ranki, akwai mutanen garuruwan da suka dawo birane da za ki iya ji daga gare su. Ki kuma yi abota da mutanen sashen kimiyyar sinadarai da labarin ƙasa da likitancin al'umma. Ni lauya ne, ba ni auna dalma a jini ko sinadari a ruwa, amma dole in iya karanta sakamakon, saboda yawancin ƙararrakin gurɓata muhalli a wurin tabbatar da cewa wannan ruwan ne ya jawo wannan cutar suke faɗuwa.

Ƙa'idar kawo madogara ki koye ta tun wuri, ƙungiyar malaman shari'a ta ƙasa NALT tana da nata tsarin da tsangayoyi da yawa ke bi, mujallun waje da dama kuma tsarin OSCOLA suke so, manhaja irin Zotero za ta rage miki wahala. Duk abin da kika ɗauko ki rubuta shafinsa a take. Kuma duk hukuncin da ba ki buɗe da hannunki ba kar ki sa shi. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙira, ba su wanzu ba sam, kuma na fara ganin irin wannan a aikin ɗalibai.

Sai jarabawar da ta fi kowacce, wadda za ta zo miki ne lokacin da ƙarin girma ya matso takardunki ba su cika ba. Akwai mujallun da za ki tura kuɗi yau su buga miki cikin mako biyu ba wanda ya karanta. Akwai "sa sunana in sa naka", mutum biyar a kan takardar da mutum ɗaya ya rubuta. Na san matsin da ke kai mutane can, ba na raina kowa, amma ina roƙonki kar ki fara. Lokacin da za ki nemi farfesa takardunki za a aika wa masu tantancewa na waje, kuma sun san waɗannan mujallun. Abin da ya fi wannan ma, rubutun da ba wanda ya tantance ba ya gyaruwa, ke ma ba kya gyaruwa. Mujalla mai kyau za ta riƙe takardarki watanni, ta dawo da ita da suka mai zafi ko ta ƙi ta gaba ɗaya, kowa a cikinmu an yi masa, ki bar ta kwana biyu sannan ki karanta sukan da sanyin rai ki gyara ki tura wani wuri. Ki fara da mujallun tsangayoyinmu da na cibiyar nazarin shari'a ta NIALS, ki je taron NALT ki gabatar ko da gabanki na faɗuwa, sannan ki miƙa hannu zuwa na Afirka da na duniya.

Ina kuma so ki riƙa rubutu da Hausa, ko da ba ya cikin abin da ake ƙirgawa a ƙarin girma. Manomin Jakara bai san akwai ƙa'idar da ta hana a sakar masa wannan ruwan ba, mai unguwa bai san dokar EIA ta ba jama'a damar ganin rahoton da yin ƙorafi kafin a amince da aiki ba. Shafi ɗaya a Facebook ko minti goma a rediyo yana kai wa inda mujalla ba za ta taɓa kaiwa ba, kuma daga martanin mutane za ki samu tambayoyin bincikenki na gaba.

Tunda kina da sauran watanni a hidimar ƙasa, ga abin da zan sa ki in ɗalibata ce ke. Ki samo cikakken hukuncin kotun ƙoli na 2018 ɗin, ki karanta na kowane alƙali, sannan ki rubuta shafi biyar kacal a kan wannan: in ƙungiyar manoman rani a bakin Jakara ta zo cembarku, za ta iya dogara da shi ta kai ƙara? Ki faɗi wa za su kai, masana'anta ɗaya ko dukkansu ko hukumar da ta yi shiru, ki faɗi babbar kotun jiha ce ko ta tarayya da dalilinki, ki duba ko ta hanyar ƙa'idojin kare haƙƙin ɗan Adam na 2009 ya fi ko ta ƙarar cutarwa ta gama-gari, in hukuma ce ki duba batun sanarwa kafin ƙara da wa'adin wata uku na dokar kare jami'an gwamnati. Inda za ki fi shan wuya shi ne yadda za a nuna ruwan wace masana'anta ne ya yi ɓarnar alhali da yawa ne ke zubawa a rafi ɗaya, a nan ki fi daɗewa. In kin gama ki ba wani lauya a cembar ya yi ƙoƙarin rushe shi, ki gyara, sannan ki kai wa malamin da ya koyar da ke dokar muhalli ya sa miki jan biro.